Giya, Bwat, Tiransmishan: Sunayen Ciwon Tsohuwar Mota a Bronx

A ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba 4, inda titin Jerome ya miƙe a yankin Bronx na birnin Niyok, garejoji ne jere, ƙofa na bin ƙofa. Galibin masu su mutanen Jamhuriyar Dominika ne, masu jin Sifaniyanci. Cikin masu kawo musu aiki kuwa akwai namu: 'yan zangon Kumasi da Nima, mutanen Maraɗi da Damagaram, Kanawa da Zazzagawa, waɗanda sitiyari ne abincinsu. Motar da ta fi haɗa su ita ce doguwar motar iyali mai ƙofar turawa, mai ɗaukar mutum bakwai ko takwas. Abin da ya fi hana su barci a jikinta abu ne guda, amma sunansa ya kai huɗu.

Bakano zai ce giya, in kuma dukan akwatin yake nufi ya ce giyabos. Mutumin Maraɗi zai ce bwat. Ba'amurke zai ce tiransmishan, Badominiken ma haka, sai dai da karin harshen Sifaniyanci. Ƙarfen ɗaya ne, kowane suna da gefen da ya tsaya ya kalle shi.

Giya daga Ingila ta zo mana, tare da birki da totur da sitiyari. Can ma baƙuwa ce, daga harshen mutanen arewacin Turai na da aka aro ta, kuma ta daɗe tana nufin kaya kawai: tufafi, makamai, kayan ɗaura wa doki. Sai daga baya ta sauka a kan faifan ƙarfe mai haƙora. Wanda ya ce giya, haƙoran yake kallo.

A rubutun boko ba ta da maraba da giyar sha, har mai karatu kan ɗan dakata in ya ga "giyar mota" kusa da "giyar mulki". Kunne dai ba ya ruɗewa, domin ta mota ana jan gaɓarta ta farko. Da a ajami muke rubuta ta, da tsawon wasalin ya fito fili.

Bwat akwati ne da Faransanci, cikakken sunan kuwa "akwatin gudu". Shi ya sa direban Nijar bites yake canzawa, wato gudu. Shi abin da fasinja ke ji a jikinsa ya kalla. Iyakar da Turawa suka shata tsakanin Katsina da Maraɗi ta ratsa har ƙarƙashin bonet: kuloci a kudu, ambireyaji a arewa, ribas a kudu, marsh-ariyar a arewa. Larabawa ma irin wannan rabo ya same su. A Saudiyya gir ake cewa, a Masar kuwa fitis, 'yar'uwar bites ɗin nan ciki ɗaya.

Tiransmishan daga Latin take, kalmomi biyu aka haɗa, "ƙetare" da "aika". Ita ce dai kalmar da Bature ke kiran watsa shirin rediyo da ita, da kuma yaɗuwar cuta. Ita aikin ta kalla: ɗauko ƙarfi daga inji a miƙa wa tayoyi. Larabcin littafi ya bi wannan sawu ya ce naƙilul haraka, mai ɗaukar motsi. A ganina wannan suna ya fi sauran amfani ga mai neman ciwo, domin yana sa ka tambayi inda saƙon ya maƙale a hanya.

Ita kanta motar, sunanta ya ci nisa. Amurkawa na ce mata miniban, ƙaramar ban. Ban ɗin nan wutsiyar karaban ce, karaban kuwa daga Farisanci ta fito, karwan, wato ayarin fatake. Da kamfanin Chrysler ya fito da irin wannan mota a ƙarshen 1983, ɗaya daga cikin biyun da ya fara ƙerawa a garin Windsor na Kanada sunanta Dodge Caravan: an mayar wa kalmar kanta da aka sare. Bahaushen da kakanninsa suka bi madugu zuwa Gwanja sayen goro, yau ga shi yana jan ayari guda shi kaɗai a cunkoson babbar hanyar Cross Bronx. A tashoshinmu na gida ba a san miniban ba, sunan samfur ne ke zama sunan jinsi: Sharon daga Volkswagen Sharan, Siyana daga Toyota Sienna.

Sai atomatik, daga Girkanci, "mai motsa kansa". Masu fassarar labarai kan ce "mai sarrafa kanta", direbobi dai atomatik da manuwal suka riƙe. Ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa ta kamfanin General Motors ce, ta fito a motocin Oldsmobile na 1940, aka sa mata Hydra-Matic. Rabin sunan na gaba ruwa ne da Girkanci. Wanda ya raɗa shi ya faɗi gaskiyar da yawancinmu ke mantawa: a cikin wannan akwati, ruwa ne ke yin aikin da hannu da ƙafar direba ke yi a manuwal.

Haruffan da ke gefen sandar giya ma abin dubawa ne, musamman N. Bature ya ce 'yar ba-ruwanmu. Bafaranshe ya ce matacciyar matsaya. Mu muka ce firi, mota ta samu 'yanci. Sunanmu ya fi daɗi, kuma shi ya fi jan mutum ga kuskure, domin wanda ya saba sakin manuwal a firi a gangaren hanyar Jos yakan so ya yi wa atomatik haka. Dokar jihar Niyok ta hana gangarowa a firi. In kuwa injin a kashe yake, famfon man da ke cikin giyar ba ya juyawa, saboda haka jan motar da igiya tafiya mai nisa, tayoyin gaba a ƙasa, yana iya ƙona ta ba tare da ta yi laifin komai ba.

Mai gyaran nata ma Hausa ta yi masa gata. Makaniki aka kawo mana, kunnen Bahaushe ya ji kamar ɗan wani gari ne, ya mayar da shi bakanike, jam'insa kanikawa, sana'arsa kanikanci, daidai da Bakatsine, Katsinawa, Katsinanci. Ɗan Kumasi, wanda ya taso yana jin ƙarar guduma a Suame Magazine, fita yake cewa, kuma Masta yake kiran babban gareji.

Duk sunayen nan aro ne. Amma ka saurari direba yana ba da labarin abin da motar ke yi, za ka ji aron ya ƙare: tana jinkiri, tana zamewa, tana fizga, tana kakkarwa, tana ɗingishi. Sunayen na baƙi ne, aikatau namu ne, kuma gano ciwon giya a aikatau yake.

Irin hirar da ake yi a bakin gareji ke nan. Mai mota ya fito, ransa a ɓace: "Masta, giyar ta mutu." Fita ya goge hannu da tsumma: "Alhaji, sannu. Da sanyin safiya yana yi, ko sai ya yi zafi?" Hausar Kumasi ba ta raba namiji da mace, giya ma "ya" ne a bakinsa. Amma tambayar tasa ta raba abin da ya kamata a raba. "Ta mutu" jimla ce mai tsada, dala dubbai take ci. Kowane ɗaya daga cikin aikatau ɗin nan biyar kuwa yana da nasa farashi, wani ma 'yan gommai ne.

Jinkiri shi ne ka sa ta a D da safiyar watan Janairu, ka ɗaga ƙafa daga birki, ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, can sai ta ce dum, ta kama. Ko mai ya yi ƙasa, ko matacin ya toshe, ko robobin da ke riƙe matsin mai sun tsufa sun ƙanƙance da sanyi. In ta warware bayan ta ɗumama, da sauran rai. Wadda take lafiya da safe, sai ta yi zafi a tsaya-tafin gadar George Washington sannan ta fara, tata ta fi nauyi, domin mai idan ya yi zafi yakan tsinke, ya riƙa tserewa ta inda ƙarfe ya cinye.

Zamewa kuwa ita ce ka taka totur, inji ya yi ihu, allurar juyinsa ta hau, motar na nan inda take. Ba'amurke ya ce tana zamewa. Badominike ya ce tana fatina, daga kalmar wasan sulu a kan ƙanƙara. Mu muna da uku, kuma ba ɗaya suke ba. Santsi halin hanya ne. Zamewa halin mai tafiya ne. Suɓucewa halin abin da aka riƙe ne. Ta ukun ce daidai, ga dalili.

Kuloci a Turanci damƙa yake nufi, cafka da hannu. Ana yawan cewa atomatik ba ta da kuloci; feda ce dai babu, amma a cikinta akwai kuloci har rukuni-rukuni, faifai sirara jere da juna, na ƙarfe da masu fuskar da ta yi kama da takarda. Kanikawan Najeriya na kiran waɗannan na biyun faiba. Matsin mai ne ke danne su su damƙi juna. In matsin ya gaza ko fuskar ta cinye, damƙar ta yi sako-sako, ƙarfin inji ya suɓuce. Inda aka ce damƙa, kishiyarta suɓucewa ce.

A nan ma akwai tambaya ta biyu. A kowace lamba take suɓucewa, ko a tsakanin lamba biyu da uku kawai? Amurkawa na da suna na musamman ga wannan ta biyun, suna kwatanta ta da harshen wuta da ya tashi ya koma. Ita rukunin faiba ɗaya take nunawa, ko ƙofar mai ɗaya. Wadda ta game duk lambobi kuwa tushen matsin take nunawa: man kansa, matacinsa, ko famfo.

Fizga ba ta buƙatar dogon bayani, sai gargaɗi ɗaya. Ba duk ƙarar "gwaf" da ake ji lokacin shiga ribas ba ce ta giya. Akwai robobin da inji da giya ke zaune a kai, injin-sit inji kanikawanmu. In ɗaya ya tsage, dukan injin ne ke tsalle ya daki jikin mota. A buɗe bonet, wani ya danne birki ya riƙa sa D da R, a tsaya daga gefe a kalla. An sha sauke giya lafiyayya saboda roba.

Kakkarwa ce ta kai mu ga abin da ya fi komai ban sha'awa a akwatin. Tsakanin inji da giya akwai wata tukunyar ƙarfe cike da mai, kwanbata, cikakken sunanta "mai juya murɗa", domin kalmar da ke gabanta daga Latin take, murɗawa. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, don jiragen ruwa. Wanda ya taɓa ganin mai dama fura ta sa ƙarfi a ludayi har ƙwaryar ta nemi juyawa, alhali ludayin bai taɓa ta ba, ya ga yadda take aiki: furar ce ta kai murɗar. Haka inji ke juya mai, mai ya juya giya, shi ya sa motar ke iya tsayawa a danja tana cikin D ba tare da ta mutu ba.

Sai dai tura ƙarfi ta cikin ruwa yana da asara, saboda haka aka sa wa kwanbata nata kuloci, wanda ke kulle ɓangarorin biyu in tafiya ta miƙa. Shi ne in ya fara gajiya, wajen gudun mil 40 a awa, ƙafa sama-sama a kan totur, sai ka ji motar ta ɗauki kakkarwa kamar ta hau burji. Kanikawa na da gwaji mai sauƙi: kana cikin kakkarwar, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, ba tare da ka saki totur ba. Taɓa birki na sa kulocin ya saki. In kakkarwar ta ɗauke nan take, zargi ya koma kan kwanbata ko manta. In ta ci gaba, a leƙa fulogi da koyil, domin inji mai tsallake wuta yakan kwaikwayi ciwon giya har ya ruɗi gwani.

Ɗingishi shi ne sunan da na fi so, kuma Turanci da Hausa sun haɗu a kansa. Amurkawa na cewa motar ta shiga halin "ɗingisawa zuwa gida". Ƙwaƙwalwar giyar ce ta ga abin da bai yi mata ba, ta yanke wuta, ta bar motar a lamba ɗaya tak don ta kai mai ita inda za shi. A tsofaffin Caravan da Voyager da Town & Country masu lamba huɗu, a lamba biyu take maƙalewa. A tsohuwar Honda Odyssey kuwa, alamar cewa ƙwaƙwalwar ta ga matsala ita ce fitilar D4 ko D ta riƙa ƙyaftawa a dashbod. Odyssey sunan tsohon labarin Girkawa ne, na mutumin da ya shekara goma yana neman hanyar gida bayan yaƙi. Motar da ke ɗauke da wannan suna, in ta ɗingisa ta isa, ta cika sunanta.

Mai ɗingishi ba gurgu ba ne. Sau da yawa abin da ya jawo shi ƙaramin abu ne: na'urar auna gudu guda biyu da ke jikin akwatin, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita, ko wayar da gishirin da ake watsa wa titunan Niyok lokacin ƙanƙara ya cinye, ko kuma solinoyid. Wannan kalma Bafaranshe André-Marie Ampère ya ƙirƙiro ta a shekarun 1820 daga kalmar Girkanci mai nufin bututu. A giya, 'yar ƙofa ce da wuta ke buɗewa da rufewa don mai ya wuce. In an kashe motar an sake tayarwa ta koma lafiya na ɗan lokaci, wannan alama ce mai ƙarfi cewa a fara neman laifin wajen wuta. Aikin rewaya ne kafin ya zama aikin mai sauke giya.

Yanzu ga inda suna ke kashe akwati da hannunsa. "Man giya" muke cewa, kuma mai biyu ne a ƙarƙashin wannan suna. Akwai mai kauri, mai warin farar wuta, na manuwal da aksul. Akwai kuma tsinkakke, wanda ake rina shi ja don kada a ruɗa shi da baƙin mai, na atomatik. Amurkawa ba sa ma kiran wannan na biyun mai, ruwa suke ce masa, kuma da hujja: bayan shafe ƙarfe, shi ke ɗaukar ƙarfi, shi ke danne faiba, shi ke kwashe zafi. Kanikawanmu da suka san bambancin sukan ce etiyef, haruffa ukun da ke jikin gorarsa. Yaron shago da aka aika sayen "man giya" ba shi da laifi in ya dawo da mai kaurin.

Shi ma jan ba ɗaya ba ne. General Motors ya fito da Dexron a 1967, Ford da Mercon a 1987, Chrysler na da ATF+4, Honda ta tashi daga Z1 ta koma DW-1, Toyota na da T-IV da WS. Launi ɗaya, santsi daban-daban, kuma kowace faiba da irin santsin da aka auna mata. Har farkon shekarun 1970 ana sa man kifin whale a cikin irin wannan ruwa, sai da dokar kare dabbobi ta Amurka ta hana.

Labarin Chrysler ya ishe mu misali. A 1989 kamfanin ya fito da giya mai lamba huɗu wadda ƙwaƙwalwar lantarki ke tafiyar da ita, ya sa mata Ultradrive, a takardun injiniyoyi A604. Ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa, kuma cikin dalilan har da cewa mutane da yawa sun riƙa zuba mata Dexron da aka saba da shi, alhali nata take so. Ba a daɗe ba sunan Ultradrive ya ɓace, ta koma 41TE. Wannan suna na biyu ba shi da armashi, amma kowane harafi na aiki: 4 lambobin gaba, 1 ajin ƙarfinta, T a gicciye take kwance, E da lantarki ake sarrafa ta. Honda ma ta ga nata: a 2004 ta kira motoci masu yawa su dawo gyara, ciki har da Odyssey na 2002 zuwa 2004, saboda mai ba ya isa ga haƙoran lamba biyu yadda ya kamata, suna ɗaukar zafi.

Duba man ma kowace da ƙa'idarta. Ta Chrysler, a wuri mai baje, inji ya yi zafi kuma yana aiki, sanda a P. Ta Honda, inji ya yi zafi amma a kashe shi, a duba cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Ka zaro sandar awon, ka shafa a farar takarda, ka kai hanci. Ja mai haske, lafiya. Ruwan ƙasa, ya tsufa. Baƙi mai ƙauri, faiba ta ƙone, kuma sabon mai ba ya ta da ƙonanniyar faiba. In ka ga kumfa, ko ya yi ƙasa ko an cika shi fiye da kima. In kuwa ya fito fari-fari ja-ja mai kauri, Amurkawa na kiransa da sunan madarar da aka markaɗa da sitiroberi: bututun sanyaya man da ke ratsa lagireto ne ya fashe, ruwa ya shiga. Wannan a kashe mota a nan inda take.

In an kwance farantin ƙasa na ta Chrysler, akwai ɗan maganaɗisu manne a cikinsa. Ka shafa shi da yatsa. Laushin toka-toka mai kamar kwalli, cin yau da gobe ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da kaifi, wanda ke sukar yatsa, haƙori ne ko boris ke ruɓewa. Hondar wancan zamani ba ta da irin wannan faranti, maganaɗisunta na kan noti mai tsiyayar da mai. Ba ta ma da tsarin haƙoran da sauran ke da shi, wanda injiniyoyi suka yi wa suna da sararin sama: rana a tsakiya, duniyoyi na kewaya ta, zobe ya kewaye su duka. Tata ta fi kusa da ginin manuwal.

Juye kalmarmu ce, kuma ta fi bidanj ɗin Faransanci faɗi, domin bidanj zubarwa ce kawai, juye kuwa ya haɗa fitar da tsoho da zuba sabo. Amma a atomatik juye ɗaya ba ya fitar da duka, kashi ɗaya cikin uku ne ko makamancin haka, sauran na kwance cikin kwanbata. Akwai kuma wanki da na'ura, mai tura sabo ya kori tsoho gaba ɗaya. A garejin Niyok sunayensu daban ne, farashinsu daban. Ga tsohuwar motar da ta daɗe ba ta ga sabon mai ba, ni juye sau biyu ko uku a hankali, da tafiya a tsakani, na fi amincewa da shi.

Sai harshe na ƙarshe da ya shigo garejin, wanda ba na kowace ƙabila ba. Tun daga motocin 1996, duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata mahaɗa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. A gida mukan ce "a sa mata kwamfuta", ƙwaƙwalwar kuma birenbos. A jihar Niyok duba mota wajibi ne kowace shekara, kuma in fitilar inji na kunne ba za ta ci jarrabawar hayaƙi ba, saboda haka direba ba shi da damar rufe ido.

Lambobin da ke fitowa suna da nahawunsu. P na nufin inji da giya, 07 unguwar giya ce. P0715 na'urar auna gudu ta mashiga, P0720 ta mafita, P0730 lissafin juyin shiga da na fita bai daidaita ba, wato suɓucewa ce a harshen lissafi, P0740 kulocin kwanbata. Wadda ta fi tsorata mutane, P0700, ba ta faɗi ciwo ba sam; ƙwaƙwalwar inji ce ke cewa ta giya na da magana, a je a tambaye ta. 'Yar ƙaramar na'ura mai arha sau da yawa a nan take tsayawa.

Shi ya sa "kwamfuta ta ce" ke buƙatar gyara. Lambar layin wuta take nunawa, ba ta nuna ƙarfen da za a saya ba. In ta ambaci na'urar auna gudu, yana iya zama na'urar, yana iya zama wayarta, yana iya zama tsatsa a bakin soket. Fita na ƙwarai zai haɗa uku: lambar, takardar da aka shafa wa mai, da aikatau ɗin da ya fito daga bakin direba.

In duk sun taru a kan cewa akwatin ya gama, sai a shiga wata kasuwar sunaye. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna, giyar da aka cire daga motar ƙetare Beljiyam ce, ko daga wace ƙasa ta fito, saboda tashar Antwerp da ta daɗe tana lodinsu. Bayarabe ya ce tokumbo, wadda ta ƙetaro teku. Ɗan Gana ya ce hom-yus, mutumin Nijar ya ce okaziyon. Motar kanta, in ta gaji da Bronx aka ɗora ta a jirgi a tashar Newark, tana isowa Kano 'yar Kwatano ce; a Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sunan dai bai motsa ba. Galibin waɗannan sunaye inda abin ya biyo suke faɗa, ba sa faɗin abin da aka yi masa.

Na Niyok uku ne, kuma su abin da aka yi masa suke faɗa. Akwai ta hannu, wadda aka kwanto daga motar da ta yi hatsari a filin ƙarafa irin na Hunts Point, ba wanda ya buɗe cikinta. Akwai wadda aka sake ginawa, taka ce bakanike ya buɗe, ya canza faiba da robobi da duk abin da ya ga ya ci. Akwai kuma wadda aka sake ƙerawa a masana'anta, aka gwada ta kafin ta fito. Da Hausa duka ukun "an sa wata" ne, kuma tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai kuɗi mai yawa da tsawon garanti. Ko wacce aka zaɓa, sai a tambaya ko kwanbata na ciki, kuma ko an wanke bututun sanyaya mai, domin ɓarɓashin tsohuwar na nan laɓe a ciki yana jiran sabuwar. Dokar garejoji ta jihar Niyok ta ba mai mota damar neman ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin a taɓa noti ɗaya, da karɓar tsofaffin kayan da aka cire in ya nemi haka a rubuce tun farko, kuma ta wajabta wa gareji ya nuna a rasit in kayan da ya sa na hannu ne.